Ofis a tsakiyar Abuja: shiryayye za ka kama, ko fanko ka shirya da kanka?

Duk wanda harkarsa ta fara haɗa shi da ma'aikatun tarayya, ya gaji da zama da mutane a falon otal yana sayen ruwan roba don kada a kore shi, tunanin da ke fara zuwa masa shi ne ya kama ofis a Abuja. Sai ya tambayi dillali, dillali ya kai shi wata plaza a Wuse 2 ya nuna masa ɗaki fanko ya faɗi kuɗin shekara. Daga baya wani ya kai shi bene mai lif a Central Area, inda ake ba da ofis da kujerunsa da intanet da mai karɓar baƙi, aka faɗa masa kuɗin wata. Ya ninka sau goma sha biyu, ya riƙe baki, ya ce wannan ai fashi ne da rana tsaka.

A nan mafi yawanmu muke yin kuskuren lissafi. Kuɗin da dillali ya faɗa na bango huɗu ne da ƙofa. Masu gini a Abuja shekara guda suke so a dunƙule, wasu ma biyu. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, ga kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, ga kuɗin hidimar gini na masu gadi da shara da ruwa, wanda shi ma na shekara ne kuma yakan tashi ba tare da an yi shawara da kai ba. Duk wannan kafin ka sayi tebur ko ɗaya, kafin fenti da labule da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai wuta, wadda ita ce uwar tafiyar. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin lantarkin masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa sama da naira 200 kowane yunit, ofis mai na'urar sanyi biyu da firinta da kwamfutoci yana shan kati kamar rairayi na shan ruwa. Alƙawarin Band A shi ne aƙalla awa 20 a rana, amma awa huɗun da suka rage ba sa zaɓar tsakar dare, suna iya faɗowa daidai lokacin da kake tura takardun neman kwangila. Don haka dole janareta, ko dai naka ko na gini da ake raba kuɗin dizal, ko ka zuba kuɗi a sola da inbata idan mai ginin ya yarda a hau masa rufi. A shiryayyen ofis duk wannan ciwon kan na wani ne. Gaskiyar magana, babban abin da kake saye a can wuta ce da ba ta yankewa, da kuma damar tattara kayanka ka tafi bayan wata uku in harkar ba ta karɓe ka ba. Kujeru da tukunyar shayi gyara ne kawai.

Shiryayyen ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗaki naka kai kaɗai da makullinka, irin wanda kamfanin Regus ke bayarwa a ginin Churchgate da ke titin Constitution Avenue. Shi ne mafi tsada, kuma yawanci da yawan tebura ake lissafa shi. Akwai zauren haɗaka, inda kake biyan tebur guda a cikin jama'a, kamar yadda ake yi a Ventures Park a Maitama. Wannan ya dace da matasa masu aikin kwamfuta, amma ni ban ga yadda ɗan kwangila ko lauya zai yi maganar kuɗi a waya alhali wani na zaune kamu ɗaya da shi ba. Sai kuma adireshi zalla: ba ka da ɗaki, amma sunan kamfaninka yana can, suna karɓar maka wasiƙu, in baƙo zai zo ka biya ɗakin taro na awa ɗaya ko biyu. Ga wanda ke zaune Kano ko Kaduna yana shigowa sau biyu a wata, sau da yawa wannan ya ishe shi. Sai dai ya tambaya tun farko ko za su yarda ya sa adireshin a rajistarsa ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da kuma abin da za su ce in banki ya turo a tabbatar da wurin. Wasu bankunan in suka zo ba su ga mutum da tebur ba, sai su dakatar da buɗe asusun.

Kafin ka sa hannu, ka nemi takardar kuɗin wani wata cikakkiya, ba takardar talla ba. A nan ake ganin ƙananan abubuwan da ke taruwa: harajin VAT na kashi 7.5 da ba a saka a farashin da aka faɗa maka ba, kuɗin buga takarda shafi-shafi, awannin ɗakin taro da suka wuce rabonka, wurin ajiye mota. Ka duba sharaɗin fita da idon basira. Yarjejeniyoyi da dama suna sabunta kansu in ba ka ba da sanarwa a rubuce cikin wa'adin da aka gindaya ba, sai ka wayi gari an ɗaure ka da wasu watannin. Na taɓa kama ɗaki a wani wuri da aka rubuta cewa a buɗe yake dare da rana. Ƙofa kam a buɗe take, amma ashe ƙarfe shida na yamma ake kashe babban janareta, ranar Asabar kuwa na'urar sanyi ba ta aiki sam. Tun daga nan ban ƙara yarda da ziyarar safe ba. Nakan koma da yamma ba tare da na sanar ba, in gwada intanet ɗin da wayata, in leƙa banɗaki, in tambayi inda ake alwala da sallah. Gani ya kori ji.

Akwai wata tambaya da mutane ke jin nauyin yi, wato wane ne ainihin mai ginin, kuma ya biya gwamnati haƙƙinta? Kamfanin da ya ba ka ɗaki shi ma sau da yawa ɗan haya ne. A watan Mayun 2025 hukumar birnin tarayya ta garƙame gine-gine saboda bashin harajin fili, har da Wadata Plaza, hedikwatar jam'iyyar PDP a Wuse Zone 5. In aka sa kwaɗo a ƙofar gini, ba a tambayar wane ne ya biya hayarsa. Haka nan gidajen kwana da aka mayar ofisoshi a Maitama da Wuse 2 ba tare da izinin sauya amfanin fili ba, su ma hukuma na iya waiwayarsu.

Batun unguwa kuwa, kada suna ya ruɗe ka. Central Area tana da amfani in ƙafarka kullum tana Sakatariyar Tarayya, ko hedikwatar NNPC a titin Herbert Macaulay, ko Babban Bankin Najeriya. In ba haka ba, tsada kawai za ka saya, ga wahalar abinci mai sauƙin kuɗi ga ma'aikata, ga shiru da zarar an tashi aiki, ga cunkoso a kewayen Masallacin Ƙasa ranar Juma'a. Wuse 2, musamman titin Aminu Kano da Adetokunbo Ademola, ta fi rai da hada-hada, sai dai samun wurin ajiye mota jidali ne. Garki da Jabi da Utako sun fi sassauci. Ka kuma tuna inda yaranka suke kwana: mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya ya sha gosulo kafin ya iso, kuɗin motarsa kuma tun cire tallafin mai a 2023 ya zama abin da dole ya shiga lissafin albashi.

Ni dai ga inda na tsaya. In ku ba ku wuce mutum huɗu ko biyar ba, kuma ba ka da tabbacin yadda harkar za ta kasance baɗi war haka, kama shiryayye na wata uku ko shida, ka bar jarinka yana juyawa maimakon ka binne shi a aljihun mai gini. In kun kai goma, kuna da kaya ko tarin fayiloli, kuma kun san za ku shekara uku a wurin, lissafin tebur-tebur zai cinye ku. Fanko ya fi, ko da kuwa shekarar farko za ta yi ɗaci. Kuma ko wanne ka zaɓa, ka nemi ragi. Masu shiryayyun ofisoshi ba sa son ɗaki ya kwana ba kowa, don haka wanda ya ce zai biya wata shida a dunƙule yakan sami farashin da ba shi ne a rubuce a takardar tallarsu ba.