Batirin tabulet ya mutu: ka canja da kanka ko ka kai wa mai gyara?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa tabulet ɗinsa ta daina riƙe caji, da ya zare ta daga wuta sai ta mutu kafin a jima, kuma ya ga ana sayar da batirinta haɗe da kayan buɗewa a intanet. Yana so ya ji, ya saya ya canja da kansa ko ya biya mai gyara.

Malam, kafin ka duba kuɗin batir, juya tabulet ɗin ka ga ta ina ake buɗe ta. Nan maganar take. Idan bayanta roba ne da ake ɓallewa, kamar yawancin Amazon Fire da wasu tsofaffin Samsung, aikin bai fi ƙarfin mai natsuwa ba. Idan kuwa jikinta ƙarfe ne guda ɗaya babu inda ya haɗu, to ta gilashin gaba ake shiga. Haka iPad take, haka Surface Pro, haka yawancin Galaxy Tab na baya-bayan nan. Wannan wani aiki ne daban.

Amma ka fara tabbatar da cewa batirin ne. Mutane da yawa da cajar waya mai wat 5 suke cajin tabulet, alhali irin wadda take zuwa da ita takan kai wat 10 zuwa 20, sai ta kwana a wuta ba ta cika ba. Wani lokacin kuma datti ne ya toshe bakin cajin. Gwada wata caja da wata wayar caji tukuna. Idan duk da haka tana saukowa daga kashi 40 ta mutu farat ɗaya, batirin ya gaji. Ba abin mamaki ba ne, Apple da kansa ya ce an yi batirin iPad ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1,000, daga nan sai abin da hali ya yi.

Idan kai za ka yi, abin da za ka samu shi ne kuɗin aiki ya zauna a aljihunka, kuma babu wanda zai riƙe maka tabulet da hotunanka da saƙonninka. Abin da za ka ɗauka kuwa ya fi haka yawa. Gilashin gam ne ya riƙe shi zagaye, sai an ɗumama shi an bi gefe-gefe da siririyar roba a hankali. Ƙarƙashin gefen nan akwai siraran wayoyi na sikirin da na eriya da na madannin yatsa, kuma ba ka ganinsu lokacin da kake tura robar. A iPad madannin da ke karanta yatsa an ɗaure shi da ƙwaƙwalwar tabulet ɗin tun daga kamfani, idan ka tsinke wayarsa, ko ka sa sabo ba zai karanta yatsanka ba. Sannan tun daga iPad Air 2 zuwa manyan Pro, gilashi da sikirin a manne suke abu guda, tsagewa ɗaya sai ka sayi duka biyun, kuma kuɗinsu ya ninka na batir. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kamfanin iFixit, wanda sana'arsa ke nan buɗe na'urori yana ba su maki, 2 cikin 10 ya ba iPad Air 2 wajen sauƙin gyara, Surface Pro ta 2017 kuwa 1 ta samu.

Bayan gilashi sai batirin kansa. Shi ma manne yake, faffaɗa ne, mara kauri, kuma ba ya son a lanƙwasa shi. Batirin litiyom idan aka huda shi da caji a cikinsa yakan kama da wuta nan take, da hayaƙi mai guba. Shi ya sa ake sauke cajin ƙasa da kashi 25 kafin a buɗe, a ɗiga sinadarin isofurofil, wato sifirit ɗin goge na'ura, mai ƙarfin kashi 90 ko fiye don gam ya saki, a ɗaga da katin roba. Sukudireba ko wuƙa kada su kusance shi. Idan kuwa ka ga gilashin ya ɗago da kansa ko bayan ya yi tudu, batirin ya kumbura, ka daina sa caji, kada ka danna shi, kuma ka manta da zancen yi da kanka.

Shi mai gyara, kuɗin da kake ba shi na hannun da ya saba ne da injin ɗumama gilashi, da kuma wanda zai ɗauki asara idan an yi ɓarna. Wannan na ƙarshen ne mutane ke mantawa su yi magana a kai. Kafin ya taɓa ta, ku yi ta a fili: idan gilashi ya fashe a hannunsa, wa zai biya? Ku kunna ta tare ya ga sikirin lafiya lau yake. Ya nuna maka sabon batirin kafin ya sa, ya nuna maka tsohon bayan ya cire, ya faɗi garantin wata nawa zai ba ka. Canjin batir ba ya bukatar lambar sirrinka, idan yana son gwaji ka buɗe masa a gabanka. Kuma ka kwashe bayananka tun a gida, musamman idan wurin kamfani za ka kai, domin Apple ya daɗe yana karɓar iPad mai mataccen batir ya ba da wata irinta a madadin, ka ga duk abin da ke cikin taka ya tafi.

Jabun batir kam ta kowane ɓangare yana iya samunka. Wani an buga masa ƙarfin da ba shi da shi, wani tsoho ne aka ciro aka sake masa takarda, wani kuma ya shekara da shekaru a ajiye, kuma litiyom ko ba a amfani da shi yana tsufa. Da lambar samfuri ake saye, ba da suna ba: a iPad tana farawa da A sai lambobi huɗu, a yawancin Samsung da SM.

Za ka ji ana cewa gyara ya fara sauƙi, gaskiya ne. Tun 20 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya da tabulet a can su samar da kayan gyara har shekara 7 bayan daina sayar da samfuri, kuma a 2025 ɗin Apple ya sa iPad cikin shirinsa na gyara da kanka. Sai dai duk sababbi abin ya shafa, ba irin taka da batirinta ya riga ya gaji ba.

Ni dai ra'ayina, mai bayan roba wadda ta tsufa har ba za ka ji ciwo ba idan ta lalace, gwada da kanka. Mai buɗewa ta gilashi, in ba ka taɓa buɗe ko waya ba, kai wa mai gyara. Turo lambar da ke bayanta da hoton gefenta mu ga wacce iri ce.