Dusar alkama a turkar rago: tana yi, amma ba ita kaɗai ba

Duk wanda ya ɗaure rago don Babbar Sallah, buhun farko da yake tambaya a kasuwa shi ne na dusar alkama. Ta cancanci wannan matsayi. Ɓawon ƙwayar alkama ce da ragowar gari da kamfanonin fulawa ke tankaɗewa, sinadarin gina jiki a cikinta kashi 15 zuwa 17 ne cikin ɗari, ya ɗara na dusar masara, kuma tumbin rago na narkar da kusan kashi 70 na abin da ya ci. Ga daɗin baki: Balami, Uda da 'Yankasa duk ba sa juya mata kai. Matsalarta ta fuskar kuɗi ita ce galibin alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka in dala ta motsa, buhu ya motsa.

Kafin a biya, a buɗe buhu. Dusa mai kyau ja-ja ce mai haske, ɓawonta fale-fale, in ka damƙa ka saki sai ta warwatse, hannunka ya yi farin gari. Wadda ta dunƙule ko take warin ruma ta sha danshi, a bar ta ko da araha ce. Algus kuma akwai shi, musamman a wadda ake aunawa da kwano: buntun shinkafa da aka niƙa, wani lokaci har da yashi don nauyi. A zuba tafi ɗaya a kofin gilashi mai ruwa, a motsa, a jira minti biyar. Yashi zai kwanta a ƙasa. Buntu kuwa a murza tsakanin yatsu, yana da kaushi da tsini. Cika ciki kawai yake yi, tumbi ba ya samun abin kirki a jikinsa.

Rago na cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa a rana. Mai kilo 30 ke nan yana buƙatar giram 900 zuwa kilo 1.2. A cikin wannan, dusar alkama kada ta wuce giram 400. A haɗa mata giram 100 na ƙulin auduga, sauran giram 600 ya zama harawar gyada ko ta wake, a raba safe da yamma. Dusa abu ce marar nauyi, kwano kan yaudari ido, gara a ɗora mudun gida a kan sikeli sau ɗaya a san abin da yake ɗauka.

Babban aibinta ba a jikin buhu ake ganinsa ba. Kilo ɗaya na dusar alkama na ɗauke da sinadarin fosfaras wajen giram 11, kalsiyam kuwa, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, giram ɗaya da 'yan kai. Jikin rago akasin haka yake so: kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. A dabbar da ke samun harawa isasshiya, rarar fosfaras na bi ta yawu ne yayin tuƙa, ya koma ciki, ya fita a kashi. To, ragon da aka cika wa kwano da dusa, aka dama ta ruwa-ruwa kamar kunu, ba ya tuƙa sosai. Yawu ya ragu, fosfaras ya karkata zuwa ƙoda, ya taru ya zama tsakuwa a mafitsara. Hanyar fitsarin rago doguwa ce, mai lanƙwasa, a ƙarshenta akwai wani siririn zare kamar tsutsa, nan tsakuwar ta fi maƙalewa. Sai ka ga rago ya miƙe baya yana yunƙuri, fitsari na ɗiga ɗis-ɗis, yana cizon haƙora yana harbin cikinsa, gashin gabansa da farin gari kamar gishiri. Mutane da yawa kan ɗauka kumburin ciki ne, su ɗura masa manja. A nemo likitan dabbobi a ranar, domin cikin kwana ɗaya zuwa biyu mafitsara na iya fashewa. Dandaƙaƙƙen rago ya fi shiga wannan hatsari.

Rigakafin ba tsada. Garin limiston, wato dutsen farar ƙasa mai kalsiyam da ake sawa a abincin kajin ƙwai, giram 15 a rana ga wancan haɗin da aka lissafa, ya isa ya daidaita ma'aunin tunda harawa ma na da kalsiyam. A ƙara gishiri giram 10 don ya riƙa shan ruwa, ruwan kuma ya kwana a gabansa. Garin ƙashi ba ya maye gurbin limiston, shi ma fosfaras ne da shi. Haka dutsen lasa na shanu: a duba takardar jikinsa, in an ƙara masa sinadarin kofa (jan ƙarfe) a bar shi, hantar tumaki tara shi take yi har ya zama guba.

Sai maganar sabo. A cibiyoyin bincike irin NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, idan za a auna narkewar wani abinci, akan bar dabba kamar kwana 14 tana cinsa kafin a fara tara kashinta ana aunawa, saboda ƙwayoyin halittar tumbi sai sun ɗauki lokaci kafin su saba. Ragon da aka sayo daga kasuwar ƙauye, ciyawa da kara kaɗai ya sani. A fara masa da giram 100 na dusa, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku. In aka yi gaggawa tumbi zai yi tsami, zawo ya biyo baya, rago ya kauce wa kwano na kwanaki. A ba shi maganin tsutsar ciki a makon farko, kuma harawa ta riga dusa shiga ciki kowace safiya.

Da wannan tsari, 'Yankasa mai lafiya na iya ƙara giram 100 zuwa 150 a rana, wato kilo 9 zuwa 13 a wata uku. Ajiya kuma, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, kuma da damina kada a sayi fiye da na wata ɗaya.