Masta ce ta gaji ko iska ce ta shiga birki?

Malam ka ce in ka tsaya a danja ƙafarka na kan birki sai kaji feda tana sulalewa ƙasa a hankali har mota ta fara matsawa, wani makaniki yace iska ce ayi bilidin (wato a fitar da iskar daga fayif ɗin birki), wani yace masta ce (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in ka taka feda) a canza, kuma man birkin bai ragu ba. Toh su biyun a ƙafa ake rarrabe su, kai da kanka zaka iya gwadawa mota na fake.

Iska dai laushi take sa wa feda, kana takawa zakaji kamar soso ka taka, ta tafi da nisa kafin ta kama, amma in ka famfa sau uku ko huɗu sai ta taso tayi ƙarfi, in ka riƙe ta a wurin zata tsaya cak. Dalili shine iska tana matsuwa, mai kuwa baya matsuwa. Kuma iska bata shiga haka kawai, sai in an kwance fayif, ko an canza wani abu a taya, ko an bar mai ya ƙare a kofin da ake zuba man birki. In ba'a taɓa maka birki ba kwanan nan to daga ina zata shigo?

Masta kuwa halinta daban. Da farko feda zata kama daidai kamar lafiya lau, sai in ka riƙe ne zata fara nutsewa kaɗan kaɗan kamar ana zare ƙasa daga ƙarƙashin ƙafarka. A cikinta akwai fistin guda biyu da robobi masu tura mai, in robar ta cinye sai man ya riƙa zagayewa ta gefenta yana komawa baya, a ciki yake yoyo shi yasa ko ɗigo ba zaka gani a ƙasa ba kuma kofi na nan cike. Abin da ke ruɗa mutane shine sau da yawa in ka taka da ƙarfin tsiya sai ta riƙe, saboda matsin yana buɗa bakin robar ta manne da bango, amma takun hankali irin na go-slow shi ke tona mata asiri. Ni wannan ne ya fi bani tsoro wallahi, mutum sai yace ai tana kamawa, ya cigaba da hawa.

Ga yanda zaka gwada. Kashe injin, ka famfa sau biyar zuwa shida har feda tayi tauri, sannan ka ɗora ƙafa da matsakaicin nauyi ka ƙirga daƙiƙa 30. Sai ka tada injin ka sake gwadawa, amma ka sani lokacin da injin ya tashi feda zata ɗan sauka sau ɗaya, wannan aikin busta ne (gangar da ke bayan masta mai ƙara wa takunka ƙarfi) ba matsala bace. In ta sauka ta tsaya, lafiya. In ta cigaba da tafiya, akwai magana.

Kafin ka ɗora wa masta laifi ka leƙa bayan tayoyi huɗun da tocila, da robar tiyo da fayif, don yoyon waje ma yana sa feda nutsewa, sai dai shi mai yana raguwa kuma zakaga jiƙa. Ka shafa yatsa ƙarƙashin masta inda ta haɗu da busta, in kaji danshi ko kaga fenti ya kumbura yana ɓarewa to robar bayan masta ce ta saki, man na zuba cikin busta. In motar mai ABS ce kuma (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi), bawul ɗin cikinsa na iya kwaikwayon ciwon masta, don haka makanikin kirki zai kwance fayif ɗin daga jikin masta ya toshe bakunan da fulogi ya taka. In feda ta zama dutse masta lafiyarta ƙalau, a nemi laifi gaba. In ta nutse duk da haka shikenan ita ce.

A yanda ka kwatanta, ni na fi karkata ga masta. Bilidin ba zai gyara roba da ta cinye ba, hasali ma in aka riƙa danna feda har ƙasa a tsohuwar masta robar kan bi ta wurin da yayi tsatsa ta ƙarasa yagewa. Tsatsar kuma daga ruwa take, man birki irin DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi, shi yasa kamfanoni da yawa ke cewa a canza duk shekara 2. In mai yayi baƙi a zubar da shi gaba ɗaya, a sa irin wanda aka rubuta a murfin kofi, kuma sabuwar mastar a cire mata iska tun kafin a ɗaura ta. Dan Allah kar ka hau titi da motar kafin ayi wannan aikin.