Mai waldar da ya sauke min jirgin ruwa daga kan tirela a Gombe

Idan kana da jirgin ruwa na fayiba (fibreglass) a Gombe kuma kana so ka gyara shi a gida, nemi wanda ya san nauyi kafin ka nemi mai fenti. A bakin dam ɗin Dadin Kowa sauke jirgi ba aiki ba ne: a tura tirela da baya cikin ruwa, jirgin ya taso da kansa. A tsakar gida a Tumfure kuwa, inda kogin Gongola ya yi maka nisan fiye da kilomita 35, babu ruwan da zai ɗauke maka nauyin. Jirgina tsawonsa ƙafa 19 ne, ƙasansa ya tsage a wuri biyu, kuma tsagar ta faɗa daidai inda katakon tirelar ya tokare shi. Dole ya sauka kafin samfefa ta taɓa wurin.

Maƙwabta sun ce in tara majiya ƙarfi su ciccibe shi. Wani abokina direban tifa ya hana ni, ya haɗa ni da wani mai walda da ke ƙera ƙofofi da tankuna, wanda kuma ya saba ɗora tankin ruwa a kan ƙafa. Shi na ɗauka, a kan naira 30,000, shi da yaransa biyu.

Da isowarsa ya zaga jirgin, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, sannan ya hango bulo mai inci 9 da na jera a gefe. Ya ce, "Alhaji, waɗannan na mene ne?" Na ce na tokara ne. Ya ce, "A mayar da su. Bulo ba ya kuka kafin ya fashe." Bayaninsa shi ne bulon siminti cikinsa rami ne, idan nauyi ya taru masa a wuri guda sai ya ruguje lokaci ɗaya, katako kuwa zai yi ƙara ya lotsa, mutum ya samu damar janye hannunsa. Ya tura yaro kasuwar katako aka yanko gajerun katakai masu kauri, da faffaɗan allo na shimfiɗawa a ƙasa, don yashin Gombe ba ya riƙe jak, nutsewa yake yi.

Kafin a taɓa komai sai da aka cire injin, Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda shi kaɗai ya haura kilo 70. Aka fitar da tankin mai, aka zare toshiyar baya ruwan damina da ya kwanta ciki ya tsiyaye. Ruwan nan ya fi bokiti biyar, kuma ya ce shi ne ke juyar da jirgi gefe idan an ɗaga.

Dabarar tasa ta ba ni sha'awa, don bai ɗaga bayan jirgin da jak ba sam. Ya sa aka tare tayoyi da duwatsu, aka sauke hancin tirelar har ƙasa, sai bayan jirgin ya ɗaga sama da kansa. Nan ya jera katakai a gicciye, biyu a tsaye biyu a kwance, ƙarƙashin kusurwoyin baya inda ake ɗaura inji, wurin da fayibar ta fi kauri. Da aka ɗaga hancin tirelar, bayan jirgin ya zauna a kan katakan, ya rabu da tirela da kamar tsawon yatsa. Sannan ya kawo jak na mota ƙarƙashin ƙashin bayan jirgin (wato doron da ya bi tsakiyar ƙasansa daga gaba har baya) ta wajen gaba, da ɗan katako a tsakani, ya ɗaga kaɗan. Yara suka ja tirelar a hankali har ƙarfen da ya gitta ta ya zo dab da jak. A tsaya, a tokara ta bayan ƙarfen, a cire jak, a sake ja. Haka aka yi ta yi har aka wuce gatarin tayoyi, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Da ƙaramin yaron ya so ya cusa kai ƙasa ya gyara wani katako, ya daka masa tsawa: "Kai, fito! Da sanda ake turawa." Yaron ya ce, "Yi haƙuri, Oga," ya fito yana sosa ƙeya.

A ƙarshe nauyin duka ya koma kan ƙashin bayan jirgin, tokara uku a jere, na gefe kuma don kada ya karkata kawai. Ya girgiza shi da hannu biyu a gabana, ko motsi.

Sai dai akwai abin da zan ce. Mun yi da shi ƙarfe 8 na safe, bai bayyana ba sai bayan azahar, waya kuma a kashe. Kuɗin katako bai sa shi cikin ciniki ba, sai da aka zo na ji cewa daga aljihuna zai fita, kuma ya kusa rabin ladan aikin. Tokarar gefen dama ma ba a sa mata tsumma ko yankin tsohuwar taya ba, ta bar min ƙarzuwa mai tsawon tafin hannu. Tunda fenti zan sake ban ɗaga murya ba, amma da sabon jirgi ne da mun yi ta. Haka nan tsayin da ya bar min ya yi kaɗan, a kwance nake liƙa fayibar, hannu na bugun ƙasa.

Duk da haka shi zan sake kira ranar mayarwa, na ma riga na gaya masa. Wanda zai ɗauke shi ya yi ciniki har da katako tun farko, ya faɗi tsayin da yake so daga ƙasa, ya tanadi tsofaffin tayoyi biyu da za a yanka. Ya duba mini gatarin tirelar kyauta kafin ya tafi, ya ce tsatsa ta ci gefen hagu, in kai masa ita shago tun tana babu kaya a kai.