Marke, Ƙirya ko Dogonyaro: Abin da Magidanci Zai Duba Kafin Ya Sayi Itacen Hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take lulluɓe Sakkwato da hazo, itacen da gida yake ci yakan ƙaru ƙwarai, domin ban da tuwon dare da kunun safe akwai ruwan wanka da na alwala da ake ɗumamawa, akwai kaskon da tsofaffi suke jin ɗumi, idan kuma an yi haihuwa ga ruwan wankan jego da za a riƙa dafawa har kwana 40. Magidanta da yawa kuɗin dami kawai suke tambaya, su ɗauki wanda ya fi cika ido. Ni hayaƙi nake fara aunawa, saboda na taso ina ganin idanun mahaifiyata jajur suna zubar da ruwa a gindin murhu, ga tarin da ba ya rabuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta jawo mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta.

A bisa wannan ma'auni ban ga itacen da ya kama ƙafar busasshen marke ba. Itace ne mai nauyi da tauri, saboda haka yakan ci a hankali da harshen wuta mai kwanciya, ba ya yawan tartsatsi, hayaƙinsa kuma kaɗan ne da zarar ya kama. Abin da ya fi ɗaukaka shi a wurina shi ne garwashinsa. Bayan an sauke tukunyar tuwo, garwashin marke yana nan da ƙarfinsa, zai ƙarasa miya, ya ɗumama ruwa, idan aka rufe shi da toka ma a tarar da sauransa da asuba a hura wutar kunu ba tare da ashana ba. Faskare uku na marke sukan yi aikin da tulin itace marar nauyi ba zai yi ba, shi ya sa tsadarsa a wurin saye take zama sauƙi a ƙarshen wata. Ana gane shi da ɓawonsa mai launin toka-toka wanda yake ɓarewa falle-falle ya bar dabbare-dabbare, jikinsa daga waje yana da ɗan rawaya, zuciyar tsohon itacen kuma ta yi duhu. Aibinsa ɗaya shi ne ba ya saurin kamawa, sai an tayar masa da ƙirare.

Ƙirya ta fi shi zafi da daɗewa, shi ya sa maƙera suke neman gawayinta, masassaƙa kuma suke yin turmi da taɓarya da ita, amma taurinta yana dakusar da gatari, mai faskare zai ƙara kuɗi a kanta, wutarta kuma ta fi dacewa da babbar tukunyar biki. Bagaruwa ita ce ta biyu a wurina idan ba a sami marke ba, ko da yake ina jin nauyin ganin ana sare ta a garin da majema suke jeme fatar jar akuya da 'ya'yanta. Dogonyaro yana ko'ina a cikin gari, yana da araha, yana kuma ci da kyau idan ya bushe, sai dai mafi yawan wanda ake kawowa sabon sara ne daga rassan da aka rage. Sabara da geza na tayar da wuta ne. Kuka ba itacen girki ba ce. Tumfafiya da aguwa kuwa kada a kusantar da su murhu ko kyauta aka bayar, domin ƙaronsu yana cutar da ido.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne wajen bushewa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ya dace da murhu kuwa ruwan jikinsa bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 ba, saboda haka wanda ya sayi ɗanye ya biya kuɗin ruwa, wutar kuma sai ta ƙafar da ruwan nan kafin zafinta ya kai ga tukunya, abin da yake fita a tsakani shi ne hayaƙin da yake shiga ƙirjin mai girki. Wasu masu sayarwa sukan jera busassun faskare a bayan dami su cusa ɗanye a tsakiya. An taɓa kawo mana amalanke guda haka ana gobe suna, mata suka wuni suna fifita wuta da hawaye, abinci bai sauka ba sai bayan la'asar. Wannan shi ne irin algus ɗin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana lokacin da ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa. Saboda haka a sa mai itace ya kwance dami a gaban mai saye, a zaro na tsakiya, a buga biyu da juna. Busasshe yana ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take. A duba bakin itacen, busasshe yakan tsage, ɓawonsa yana saki. Idan an faskara aka ji sanyi a tafin hannu ko ƙamshin ɗanyen ganye, a bar shi. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, domin ɗanyen dogonyaro yana iya yin nauyin busasshen marke, kuma ta nan ne ake sayar wa wanda bai san ɓawo ba wani itace da sunan marke, musamman idan an riga an ɓare shi. Akwai kuma wanda ya bushe har gara da ƙwaro suka cinye cikinsa, yana zubar da gari idan an girgiza, wannan yakan ci kamar kara ya bar toka. Mai sayen gawayi ma bai tsira ba, ana yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, a cika gindin buhu da gari da ƙasa, don haka a zazzage buhun kafin a biya.

Mafi haɗari shi ne tsohon katakon rufi da ɓaraguzan kujeru da ake sayarwa da araha. Wanda aka yi wa fenti, ko aka shafa wa baƙin mai da maganin gara, hayaƙinsa guba ne, kuma yana sauka a kan abinci. Haka tayar da wuta da leda ko guntun roba, wanda ya zama ruwan dare a gidajenmu.

Itace mai kyau yana asara a murhun duwatsu uku, wanda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na zafin wutar yake kaiwa ga tukunya, sauran iska ta kwashe. Murhun laka mai ƙofa ɗaya da aka gina daidai gindin tukunya, ko na ƙarfe irin Save80 mai cin ƙananan faskare, yana rage cin itace sosai, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da Sakkwato tana cikin jihohi 11 da hamada take yi wa barazana, marke kuma sai ƙara nisa yake daga gari. A faskara itace ƙanana, a sa kaɗan kaɗan, a bar wa iska hanya ta ƙarƙashi, a rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora. Madafa ta kasance tana da taga sama da murhu.

Game da kaskon ɗaki, garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da iskar guba ba, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda take kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Hadisi ya inganta cewa kada a bar wuta a cikin gida lokacin barci. A ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, musamman ɗakin mai jego da jariri, a kuma nisanta shi daga katifa da gidan sauro. Wanda aka tarar ya galabaita a ɗaki mai garwashi, a fitar da shi sarari nan take, a buɗe ƙofa da tagogi, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.