BMW 330i ko Marsandi C320: wacce mutum zai iya riƙewa a Kaduna?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka sayar da Fijo 406 ɗinka, idonka na kan motoci biyu: BMW 330i samfurin E46 ta 2003 mai giyar hannu, da Marsandi C320 samfurin W203 ta 2004 mai otomatik. A Kaduna kake aiki, duk ƙarshen mako kana zuwa Zariya gaida iyaye, mota ɗaya za ka riƙe, kuma kana so ka ɗan yi mata ƙari ta ƙara lafiya. Na riƙe 330i shekara biyar. C320 kuwa ta yayana ce, ni nake kai masa ita gareji duk lokacin da ta yi ciwo, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

A takarda kusan kai ɗaya suke. BMW ɗin injinta M54 ne, lita 3, silinda shida a jere, ƙarfin doki 231. Marsandin injinta M112 ne, lita 3.2, silinda shida masu siffar V, ƙarfin doki 218. Dukkansu da ƙafar baya suke ja, dukkansu sarƙa ce ke riƙe lokacin injin, ba bel ba, saboda haka ka huta da fargabar tsinkewar bel ɗin da ka saba da ita a Fijo. Man fetur kuwa ba wadda za ta tausaya maka. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, duk mai silinda shida ya san abin da ake nufi da tsayawa a gidan mai.

A kan titi ne suke rabuwa. Ranar da na fara ɗaukar 330i daga Kawo na miƙi hanyar Zariya, kafin Maraban Jos na gane dalilin da ya sa masu ita ba sa iya rabuwa da ita. Sitiyarin yana gaya maka duk abin da taya ta taka. Nauyinta kusan rabi gaba ne rabi baya, idan ka shiga kwana ba ta gardama, kuma injin yana ƙara sakin jiki ne yayin da allura ke hawa. C320 ba haka take ba. Tana tafiya da natsuwa, tana haɗiye gargada, ka isa Zariya bayanka bai gaji ba. Idan ka taka ta tana amsawa, amma sai giyar ta ɗan yi tunani tukuna. Tana da sauri, sai dai ba ta kiranka zuwa ga gudu kamar waccan.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni, wato batun ruwa. BMW ɗin nan ba abin da ke kashe ta a garin nan kamar zafi. Tulun ruwanta roba ne, bakin lagireto roba ne, gidan tamostat roba ne, famfon ruwan wasu ma fukafukinsa roba ne. Motar da ta haura shekara ashirin, robar ta gama gasuwa. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne allurar zafinta: an tsara ta ne ta zauna cif a tsakiya ko da zafin yana hawa, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Wata rana a watan Afrilu, da azahar, ina cikin cunkoso a bayan tireloli a titin Nnamdi Azikiwe, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi yana shigowa. Na duba allura, ta ɗan gota tsakiya kaɗan. Nan take na sauka gefe na kashe. Da na ɗaga bonet, tulun ruwan ya tsage ta gefe, tsawon ɗan yatsa, ruwa yana tsartuwa kan fanka. Motar ja na kira, na sayi sabon tulu da murfinsa, shi ke nan abin da na kashe.

Wani abokina irin haka ta same shi a gadar Kawo, sai ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa Mando wurin bakanikensa. Bai kai ba. Gangar injin M54 ta alminiyom ce. Da ta yi zafi sosai kan injin ya lanƙwashe, kuma da aka zo ɗaure sabon gaskit, zaren da kusoshin ke kamawa a cikin gangar ya kwance, kusoshin suka ƙi ɗauruwa. Ƙarshenta sai da ya sayi wani injin ɗan Beljiyam. Tafiyar da ba ta kai minti goma ba ce ta jawo masa wannan.

Shi ya sa idan BMW ka saya, kafin fenti, kafin rim, kafin komai, ka sauya kayan ruwan gaba ɗaya a rana guda: lagireto, tulu, murfi, famfo, tamostat da tiyo. Kuma kada ka yarda da bakaniken da zai ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin wannan injin kwamfutar mota ce ke sarrafa shi. Ka cire shi, motar ta riƙa shan mai fiye da ƙima, wutar inji ta kama a dashbod. Ruwan famfo ko na rijiya ma kada ya shiga ciki, ruwan lagireto na gaske za ka zuba, a fitar da iska ta 'yar ƙusar da ke gefen tulun.

Injin Marsandi ya fi haƙuri nesa ba kusa ba. M112 yana cikin injinan da kamfanin ya yi masu jure wahala, ba ya saurin fushi. Laifuffukansa ƙanana ne, matsalar ita ce a samu wanda ya san su. Motar yayana ta taɓa ɗaukar wata ɗabi'a: da safe ta tashi lafiya, da ta yi zafi sai ta mutu a tsakiyar titin Ahmadu Bello, a tura ta gefe, bayan rabin awa a murɗa ta tashi kamar ba ita ba. Wani bakanike ya sauya famfon mai har sau biyu, abin bai daina ba. Da muka kai ta wurin mai na'urar bincike, sai ga shi ɗan sensa ne da ke karanta juyawar inji, a bayan injin ta wajen giya, bai fi babban yatsa ba. Aka sauya shi, aka wuce wurin. Ban da wannan, ka duba fulin gaban inji, domin robar da ke tsakiyarsa tana saki ya riƙa rawa. Ka kuma sani fulogi goma sha biyu take ci, biyu a kowace silinda, baƙin mai kuma lita 8, alhali BMW fulogi shida ne da lita 6.5. Sabis ɗin Marsandi ya fi tsada, amma ta fi daɗewa ba ta ba ka mamaki ba. Ita kuwa BMW tana shan baƙin mai kaɗan-kaɗan ko da lafiyarta ƙalau, kuma tana yoyo ta murfin saman inji da gidan fulta, sai ka saba da zare sanda duk mako. Ko wacce ka ɗauka, ka guji 20W-50 ɗin da ake ɗura wa kowace mota a bakin titi, ka nemi 5W-40 na gaske.

Giyar C320, wadda ake kira 722.6, ita ce kamfanin ya saka wa har manyan motocinsa masu silinda takwas da sha biyu, don haka ƙarfin wannan injin bai isa ya wahalar da ita ba. Abu biyu ke damunta. Akwai soket ɗin waya a gefenta da ke yoyon mai, man ya bi waya ya hau har kwamfutar giya. Sannan motocin farko, zuwa wajen 2003, lagiretonsu na iya zubar da ruwa cikin man giya, motar ta riƙa karkarwa idan ka taka a hankali. Taka ta 2004 ce, amma ka sa a duba launin man. BMW mai giyar hannu kuwa ba ruwanta da wannan duka, kuloci ne kawai, kuma ba bakaniken Kaduna da kuloci zai gagara.

Wuta kuma Marsandi ta fi rigima. Tana da akwatunan wuta da ake kira SAM, gaba da baya. Ruwa ya shiga ɗaya, ko riwaya ya yi ganganci wajen tayar da ita da batirin wata mota, sai ka ga sigina ta ƙi, ko allurar mai ta kwanta. Makullinta ma na kwamfuta ne, idan ya ɓace ba a kasuwa ake yanko shi ba, don haka ka dage a ba ka biyu. Da damina, idan ka ga ruwa ya cika hanya, ka juya. Wannan duk biyun ya shafa.

Ƙafa fa? Manyan titunan cikin gari sun gyaru, amma ka shiga lungunan Rigasa ko Tudun Wada ka gani. BMW tana cin bushin gaba, alamarsa sitiyari ya riƙa rawa idan ka taka birki. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin yana baya: inda ƙarfen da ke ɗauke da aksul ya haɗu da jikin mota, jikin yana tsagewa. Sanannen ciwon E46 ne, kuma motar da aka yi wasa da ita ta fi kamuwa. Kafin ka biya ko kwabo, ka sa a hau da ita rami, ka shiga da kanka da tocila ka duba kewayen kusoshi huɗun da suka ɗaure ƙarfen a jikin motar. Idan tsagar ƙarama ce ana walda a ƙara faranti, kuma akwai masu hannu a Panteka da za su yanka maka farantin daidai. Idan ta yi nisa ka bar musu motarsu. A Marsandi tsatsa za ka nema, ƙasan ƙofofi da bakin taya, musamman waɗanda aka yi kafin kamfanin ya sabunta fasalin motar a 2004.

Kaduna garin Fijo ne, tun da aka fara haɗa ta a Kakuri a 1975, kuma yawancin manyan bakanikenmu a kan 504 da 505 suka koyi aiki. Marsandi ma ta daɗe a hannunsu tun zamanin 190 da V-boot. A abin da na gani, kafin ka samu mutum ɗaya da ya san BMW da gaske, ka samu masu Marsandi da dama. Kayan gyara ma haka: na C320 sau da yawa ana samu a Oriakpata a ranar, na 330i kuwa wani lokaci sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, motar na zaune kana hawa Keke.

Batun ƙari, nan BMW ta yi wa Marsandi fintinkau. C320 ba ta da wani abin kirki da za ka ƙara mata, kwamfutar da ke hana ta zamewa ma ba ta kashewa gaba ɗaya, birkin ajiyarta kuma na ƙafa ne. A 330i kuwa, sababbin shokazoba da bushi masu kyau da taya ta gari kan rim 17 sun isa su mayar da ita wata mota daban. Idan kana son ta ƙara zafin tashi, masu giyar hannu aksul ɗinsu 2.93 ne, na masu otomatik 3.38, ka saka na biyun za ka ji bambanci tun daga giya ta ɗaya, sai dai mai zai ƙaru a doguwar hanya. Yanke salansa ƙara kawai yake kawowa, ba ƙarfi ba. Sauke ta ƙasa kuwa, da tudun rage gudun da ke unguwanninmu, kaskon mai za ka fasa. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada ka bari a yi wa aksul walda don wasan mota. Motar da aka yi wa haka ba ta da tabbas a kan jiƙaƙƙen titi, kuma kai iyali za ka ɗauka a ciki.

Ka kuma tabbatar abin da aka rubuta a but shi ne a cikin bonet, domin ana manna 330 a kan 325, ana manna C320 a kan C240. A BMW, jikin injin lita 3 an buga masa 306S3. A Marsandi 'yar Turai lambar shasi tana ɗauke da 203064, ta C240 kuma 203061. Ka leƙa ƙasa ka ga ko an sace indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke cikinsa, ka duba takardun kwastan.

To, wacce? Da a ce kana da wata motar a gida, da ban yi jinkiri ba, 330i mai giyar hannu zan ce, domin har yau ban tuƙa motar da ta kai ta daɗi a kuɗinta ba. Amma ka ce ita kaɗai ce, kuma duk Juma'a Baba da Inna suna zuba ido. A wannan hali C320 nake ba ka shawara. In kuwa zuciyarka ta riga ta tafi ga BMW, to ka rage kuɗin saye ka ware na kayan ruwa tun ranar farko, ka samo bakanikenta kafin ka samo ta. Ranar da za ka je dubawa ka gaya wa dillalin kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora tafin hannunka a kan injin ka tabbatar da sanyi, sannan ka murɗa makulli da kanka.