Sati biyu a makarantar koyon moto: abin da jika 30 ta saya mini

Bayan sallar layya na sayi moto, Haojue, saboda kuɗin taksi daga Haro Banda zuwa Katako kullum sun fara cin uwar kuɗin shagona. Kamar yadda kowa yake yi a Yamai, yaron maƙwabta ne ya koya mini da yamma biyu a filin ƙwallo: ga ambireyaj, ga bitesi, ga birkin ƙafa mai kama ƙafar baya, na hannu mai kama ta gaba kuwa kada in kuskura in taɓa shi, zai wurgar da ni. Kwana 9 da fara hawa akuya ta gifta mini, na taka birkin ƙafa da ƙarfina, ƙafar baya ta zame, na tashi da gwiwa a saɓule. Uwargida ta ce ko in je a koya mini da gaske, ko in sayar da abin.

Na je wata oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ba zan faɗi sunanta ba don akwai abin da zan soka. Jika 30, wato sefa dubu 30, na biya na sati biyu, ban da kuɗin neman permi, takardar izinin tuƙi.

Malamin da ke fita da mu fili dattijo ne, tsohon makanike, ba ya da fara'a ko kaɗan. Ranar farko ya sa kowa ya taho da gudu ya tsaya a kan layin da ya ja da toka. Duka mu 11 da birkin ƙafa muka tsaya, ko in ce muka wuce. Ya dube ni ya ce, «Ƙanena, wa ya ce maka birkin hannu ado ne?» Sai ya yi mana bayani: in ka ja birki, nauyin moto da naka gaba yake komawa, ƙafar gaba ce ke danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa a kan gudron, wato kwalta, mafi yawan tsayuwa, wajen kashi 70 cikin 100, daga birkin gaba take fitowa. Abin da ke kayar da mutum fizga ce. Ana matsa shi ne sannu-sannu kamar mai matse lemun tsami, tare da na ƙafa, moto kuma yana miƙe. Kwana 3 muna wannan abu guda, har yatsuna suka yi tsami. Da a nan aka tsaya ma, kuɗina sun fita.

Amma ya ja kunnenmu a kan yashi, kuma duk wanda ya san unguwanninmu ya san da an sauka daga gudron yashi ne, bakin gudron ɗin ma bai tsira ba. Cikin yashi birkin gaba mugun abu ne. A rage gudu tun kafin a shiga, a sa bitesi na biyu, a riƙe wuta daidai, a saki kafaɗu a bar kan moto ya yi ƴar rawarsa. Ido kuma can gaba, domin inda ka kafa wa ido nan moto zai kai ka. A nan na gane akuyar nan na zuba wa ido, ba hanyar kauce mata ba.

Wata rana ya sa muka ƙirga taku a ƙasa. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, tun bai ma kai hannu ga birki ba. In gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninki huɗu take yi. Tun ranar, in na hau gadar Kennedy da safe, ba na manne wa bayan taksi, don direban taksi ko'ina ya ga fasinja nan ne tasharsa. Ya kuma zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya a kujerar direban mota, ya tsayar da moto a gefe, sai ga shi ya ɓace daga madubi ƙurmus. Ya ce wannan ƙaramar mota ce, mu auna tirela.

Batun hular kwano, ni da kaina ina cikin masu cewa zafi. Wa zai sa kaske a Afirilu, rana ta haura digiri 40? Ya faɗa mana lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Lissafin bai kama ni ba sai da ya ɗora wa wani hula ba a ɗaure igiya ba, ya doke ta da tafin hannu daga baya, ta yi tsalle ta faɗi cikin ƙura. Hular magina da wasu ke sawa don idon ƴan sanda kuwa, dariya kawai ya yi.

To ga inda suka gaza. Darasin dokokin hanya da Faransanci ake yi daga farko har ƙarshe, kuma na masu mota ne aka haɗa mu da su. Mutum 4 a cikinmu sai bayan an tashi muke fassara musu da Hausa da Zabarmanci, har dokar ba na hannun dama hanya a mahaɗar da babu alama, wadda ita ce ke haddasa rigima kullum. Moto 3 ne ga mutum 11, rabin lokaci a inuwar dogon yaro muke jiran layi. Ba a koya mana ɗaukar fasinja ba ko sau ɗaya, alhali kowa a nan don ya ɗauki iyali ya sayi moto, kuma mun sha ganin yadda sarƙa ke cafke bakin hijabi ko babbar riga. Tuƙin dare ma ba a taɓo shi ba. Taimakon gaggawa minti 10 aka ba shi: a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kada a cire wa wanda ya faɗi hula, kada a ja shi a zaunar.

Duk da haka ƙanena da ke shirin fara kabu-kabu a Tahoua na gaya masa ba zan sa ko dala a kuɗin motonsa ba sai ya sami irin wannan malami. Fasinja kuwa da kaina na koya, da buhun gero mai kilo 50 ɗaure a baya, a filin ƙwallon nan dai, kafin uwargida ta yarda ta hau.